Yaya Suwaibatu, Mai Ɗaure Mini Waya a Buhun Masara

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Oktoba, 2025, da hantsi, Allah ya karɓi ran yayata Suwaibatu a gidanta da ke Mabai, bayan gajeriyar jinya. Masu kallon bidiyon girkina ba su taɓa ganin fuskarta ba, amma ba don ita ba, da tuni harkar nan ta taɓa mini hankali.

Yaya, kin san halin da na shiga da na fara. In ɗora bidiyon tuwon masara, in zauna ina bin sharhin mutane ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya ce hannuna ya yi baƙi. Waccan ta ce in je in yi wanka kafin in koya wa mutane girki. Wani ƙato da bai taɓa riƙe muciya ba ya ce ba haka ake kaɗa miyar kuka ba. Duk yawan masu yabo ba na ganinsu, zagin mutum guda nake ɗauka in wuni da shi. Na rame, na daina cin abin da nake dafawa, waya na ƙara gabana ya faɗi.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidanki da nawa, don haka ba abin da ya ɓoyu gare ki. Rannan kika shigo kika tarar da ni ina kuka, miya tana ƙonewa a kan murhu. Ba ki lallashe ni ba. Hannu kawai kika miƙo kika ce, "Hamida, kawo wayar." Kika cusa ta cikin buhun masara, kika ɗaure bakinsa tamau. Daga ranar ya zama doka: da na ɗora bidiyo, waya ta shiga buhu sai bayan la'asar. Ke kike fara buɗewa, ki share zagi, ki karanta mini tambayoyin masu son koyo. Wallahi na sha jin haushinki, na ce kin mayar da ni yarinya. Ki ce, "To mi kike nema a bakin wanda bai san ki ba?"

Da rashin barci ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, wasu suka ce iska ce, wasu suka ce rashin godiya ne. Ke kika sa ni a gaba zuwa asibiti a Kankara, kika zauna kusa da ni har na faɗa wa likita abin da ke raina.

Yanzu ga shi kin tafi, kin bar ni da masu sharhin nan. Ana cikin zaman makoki na buɗe wayar da kaina, don in amsa gaisuwa. Akwai masu addu'a, Allah ya saka musu. Amma wata cewa ta yi in ɗora hotonki su gani. Wani ya ce in fito in yi magana kai tsaye, wai shirun da na yi ya nuna mutuwar ba ta dame ni ba. Wata daga Faskari har gida ta zo gaisuwa, ko zama ba ta yi ba ta ɗaga waya tana ɗaukar fuskata. Haba jama'a, hawayen ma sai na haɗa muku da miya? Raina ya ɓaci matuƙa, yatsana na bin sharhi ya ƙi tsayawa.

Hajiyarmu tana gefe da carbi, ita da ba ta san inda ake kunna waya ba. Ta daɗe tana kallona, sannan ta miƙo hannu ta ce, "Hamida, kawo wayar." A nan na yi kukan da ban yi ba tun ranar jana'iza.

Allah ya jiƙan ki, Yaya, ya yafe miki, ya haskaka kabarinki, ya ba ki irin natsuwar da kika tsare mini. Ina yi wa Hajiya ta'aziyya, da mijinki Malam Salihu, da 'ya'yanki Adama da Ikhlas, da dangi na Sabuwa da Mairuwa. Allah ya ba mu haƙurin rashinki.

Da biro na rubuta wannan, Malam Salihu zai ɗora muku. Mai addu'a ya yi, za ta isa gare ta. Mai sharhi kuma kada ya wahalar da kansa, wayar tana cikin buhu, Hajiya ce ta ɗaure.