Kwalbar da Kawu Ya Binne a Gayam

Birnin Gwari

Ana sallame asuba na hau acaɓa zuwa Gayam, raina a ɓace. An yi wa yayata Lami aikin kansar hanji a Kaduna, aka ba Kawu Sale tsokar da aka ciro, cikin kwalba, ya kai ɗakin gwaji a Zariya. Shi kuwa ya wuce da ita ƙauyensa Gayam. Likita ta ce in babu tsokar, za a ba Yaya magani ne da ka.

Gayam

Na tarar da Kawu yana shan koko.

"Kawu, ina kwalbar?"

"Na suturta ta. Naman ɗan Adam ne fa, 'yar nan, ba kilishi ba da za a yi ta yawo da shi a mota."

Ban yi musu ba. Na ce masa kansar hanji iri-iri ce ko da ido ya ga ɗaya, kuma amsar tana cikin tsokar. Sai ya ɗauki fartanya. Bayan rumbu ya tono ta, naɗe da farin ƙyalle, murfinta gam.

Dogon Dawa

Da hantsi na samu mota ta hanyar Funtuwa. Daji ya rufe mu, kowa ya kama salati. A shinge soja ya leƙa jakata, ya ga kwalbar.

"Madam, yaji ne?"

"Hanjin yayata ne."

Nan take ya ɗaga mana hannu. Direba bai daina dariya ba har Funtuwa, inda na ci dambu a tsaye.

Zariya

Na shiga ɗakin gwaji bayan la'asar. Likitar, Dakta Rifkatu, ta ɗaga kwalbar ta duba ruwan da ke ciki.

"Kwanan ƙasa bai ɓata ta ba?" na tambaya.

"Ruwan maganin ya riƙe ta. Cikin abin da muke bincike akwai wasu ƙananan saƙonnin ƙwayoyin halitta, maikro-RNA. Ba sa saurin lalacewa. Yawansu da ƙarancinsu ke nuna rukunin da cutar take."

Na kwana gidan ƙawata a Tudun Wada.

Gida

Washegari na iso lafiya, alhamdu lillahi. Yaya na kwance a tabarma, ta rame ƙwarai.

"Sun karɓa?"

"Sun karɓa, Yaya."

Ta yunƙura ta zauna da kanta. "To, zuba min tuwon nan. Kada sakamako ya zo ya same ni ba ƙarfi."