Ƙasari a Ƙarƙashin Motar Lamba

Cikin ranakun da na yi a aikin lamba, wato rigakafin agana, akwai wata Laraba a Buji da har yau in na tuna sai in ji ina murmushi ni kaɗai. Lokacin mota ba ta daɗe da fara zuwa Dutse ba. Mu uku ne: Malam Garba, malamin lamba kuma shugabanmu, da Malam Iro direba, sai ni da aka ɗauka saboda na yi karatu, kuma ina shiga gidajen da namiji ba ya shiga.

Ga waɗanda ba su san aikin ba, maganin agana da muke tsaga wa yara a damtse ba ya jure zafi. A akwati muke ɗaukarsa, naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu, in ya daɗe a hanya sai ya mutu. A wani ƙauye gaba da Buji kuwa agana ta ɓulla, iyaye suna jiranmu.

Muka tsaya gidan dagaci muka yi azahar. Da muka fito sai muka tarar da Malam Iro tsugune a gaban mota, hularsa a hannu. Ƙasa ta jiƙe a ƙarƙashin hancin motar, faɗin faifai biyu.

Malam Garba ya tambaye shi ko abin damuwa ne. Malam Iro ya ce a duba inda abu ya zuba, sannan launinsa da warinsa. Baƙin mai yana da santsi, ɗigo ɗaya ko biyu ba komai, amma in ya taru kada a tashi injin. Fetur hanci ne ke fara gane shi, kuma nan da nan yake bushewa. Man giya mai kauri ne, can baya yake ɗiga. Ruwan lagireto kuma, mai sanyaya inji, garau yake, ko ja-ja kamar tsatsa. Amma wannan fari-fari ne kamar madara, kuma abin da ya sani shi ne, in ruwa ya gauraya da mai a cikin inji haka yake komawa. In haka ne, sai an kira makaniki daga Kano.

Na dubi akwatin magani, na tuna da 'yan damatsan da ke jiransa.

Ban san abin da ya sa na durƙusa ba. Wataƙila hasken rana ne da ke wasa a kan jiƙaƙƙiyar ƙasar. Na dangwala da yatsa na shinshina, sai tsakar gidanmu ta faɗo mini a rai, da Innata tana wanke gero da hantsi. Ga kuma 'yan ɓarɓashin dusa a yatsana.

"Malam Iro, ai ƙasari ne," na ce.

Ƙasari shi ne ruwan da aka wanke surfaffen gero da shi, wanda ake ba dabbobi. Kafin Malam Iro ya amsa, sai ga mahaifiyar dagaci ta fito da ƙwarya cike, tana tafe a hankali kada ya zube.

"Sannunku da hanya, 'ya'yana. Na ji direba yana cewa dabbar nan tana shan ruwa. Gidan nan ba a taɓa ɗaure abin hawan baƙo a bar shi da ƙishi ba. Na miƙa mata ta ƙi sunkuyowa, shi ne na zuba mata a baki."

"Iya, ta sha kuwa?" in ji Malam Garba, yana danne dariya.

"Ta ɗan yi huci dai. Kunya ce da ita."

Malam Iro ya buɗe lagireto ya ga ruwa cike, ya zaro sandar awon mai ya ga man baƙi ƙirin. Sannan ya zauna a ƙasa ya yi dariya har da hawaye. Ya karɓi ƙwaryar da hannu biyu, ya yi wa Iya godiya a madadin mota, ya ce ta ƙoshi, a ba awaki sauran.

Kafin la'asar muka isa, maganin da ransa. Na yi wa yara lamba har hannuna ya gaji.

Ku 'yan baya da za ku riƙa fita aiki ƙauyuka da mota, kada ganin jiƙa ya tashi hankalinku, kada kuma ku wuce ba ku durƙusa ba. Ku taɓa, ku shinshina. In abin ya fi ƙarfin sanin direba, ku tambayi matan gidan abin da suka yi wa baƙuwarsu.