Nauyin da Na Sauke wa Kwamfuta

Kwamfutar da na buɗe situdiyo da ita a Kankara ta hannu ce, kuma ina jin hannuna ne na huɗu. Wani mai buga takardu ne ya gaji da ita ya sayar mini. Shagon ƙarami ne a bayan kasuwa, na manna katifun soso a bango, na rataye tsohon bargo a ƙofa. Waƙoƙin biki nake yi, da na ɗaliban Islamiyya masu sauka, wani lokaci da tallar mai maganin gargajiya. Sunan da na sa wa kwamfutar Hajiya, don ba a gaggauta ta, in ta yi fushi kuma sai an lallashe ta.

A manhajar da muke aiki da ita, waƙa layi-layi ake gina ta. Ganga da layinta, fiyano da nasa, murya da nata, 'yan amshi da nasu. Kowane layi kuma ana ɗora masa kayan gyara, kamar mai sa amo, da mai daidaita murya da muke kira ototun. Duk abin da ka ɗora, kwamfuta ce ke ɗauke da shi tana lissafi yayin da waƙar ke tafiya. Hajiya, da layuka sun wuce goma, sai fankarta ta fara kuka, ma'aunin da ke kusurwa ya koma ja, sauti ya riƙa in'ina, daga nan ta tsaya cik. Na zage ta zagin da ban taɓa yi wa ɗan Adam ba, Allah Ya yafe mini.

Babu dabarar da ban yi ba. Na ɗora ta kan bulo biyu don iska ta shige ta ƙasa. Ina rufe duk wata manhaja kafin in fara, in kashe intanet. Da bazara kuwa aikin safe kawai take yarda da shi. Akwai kuma wurin da ake ƙara mata lokacin numfashi, sai dai in ka ƙara, mawaƙi zai riƙa jin muryarsa a kunne tana zuwa a makare. Babbar dabarar wani abokin sana'ata na Faskari ya koya mini ita a waya. Ya ce in na gama gyara layuka, in haɗe su wuri ɗaya su zama sauti guda, sai kwamfuta ta huta da lissafi. Na gwada, Hajiya ta yi shiru kamar an ba ta goro. Daga nan na ƙara da nawa wayon: duk abin da na haɗe, sai in goge na asalin, har daga cikin ma'ajiyar kwamfutar. A tunanina ko ajiye su nauyi ne a kanta. Ban tambayi kowa ba, don ni a lokacin gani nake na gama sanin aiki.

Kawu yayan mahaifiyata ne, makaɗin noma a Damari. Duk gayyar da aka yi a yankin, in ba gangarsa, mutane cewa suke an yi aiki ne kawai, ba a yi gayya ba. Da 'yan bindiga suka matsa wa ƙauyukan Sabuwa, shi da matarsa, wadda muke kira Inna, suka dawo gidanmu aka ba su ɗakin da ke kusa da zaure. Allah bai bar musu ɗa ko ɗaya ba. Kawu ya zauna wata da watanni ba ya komai sai gyaran tsarkiyar gangar da ba ta lalace ba. Tausayinsa ne ya sa na ce ya zo mu ɗauki waƙarsa. Amma ba zan yi wa kaina ƙarya ba, akwai kuma kwaɗayin a ce ni na fito da abin da babu irinsa.

Ranar farko ya zo da babbar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure. Na tsayar da shi gaban makirfo, na ce ya faɗi wani abu in gwada ƙarfin muryarsa. Ya yi wata 'yar maganarsa ta barkwanci, ban ma saurara ba, idona na kan ma'auni. Na ajiye wannan guntun da sunan gwaji, na buɗe sabon shafi. Da na sa masa abin kunne ya fara waƙa, sai ya tsaya ya waiga.

"Kai ɗan nan, wa ke kwaikwayona cikin wanga abu? Ina hwaɗi shina hwaɗi."

Na ce jinkirin kwamfuta ne, Kawu. Ya ce to zai cire abin kunnen, shi bai iya waƙa da mai gardama ba. Haka ya yi ta, kunne a buɗe, ido a rufe.

Kwana uku muka yi. Waƙar gonakin Damari ce. Yana bin su ɗaya bayan ɗaya, ta bakin fadama, ta kan tudu, ta gindin ɗorawa, yana kiran wanda ke noma kowacce, da irin riƙon garmarsa, da abin da ya samu a shekarar da aka yi albarka. Rabin mutanen sun rasu ko sun watse. Muryarsa ta tsufa, tana da kaushi, wani wurin tana rawa, in ya kai kan sunan wani amininsa har karyewa take. Ni kuma, da hankalina na lokacin, wannan duk aibi ne da ya kamata a gyara.

Na gyara kuwa. Na ɗora ototun har rawar ta ɓace. Na sa amo. Na zuba fiyano da goge na kwamfuta, na kira 'yan amshi, layuka suka haura ashirin. Hajiya ta ce ba da ita ba. Sau huɗu tana tsayawa a safiya ɗaya, raina ya ɓaci, na haɗe komai, murya da ganga da fiyano, suka zama sauti guda. Sannan na zaɓi layukan asali na danna gogewa. Manhajar ma sai da ta tambaye ni ko na tabbata. Ina tauna gyaɗa na ce mata eh.

Da na kunna wa Kawu, ya saurara har ƙarshe yana kallon ƙasa.

"Ni ne wanga?"

Na ce shi ne, haka yaran yanzu ke so.

"To, in za su ji sunayen gonakin, bar shi haka nan," ya ce. Bai sake neman a kunna masa ba.

Da ruwan farko ya sauka, ya ce sai ya je Damari ya yi shuka ko da kwano ɗaya ne. Mun hana, mahaifiyata har kuka ta yi, ya tafi shi kaɗai. A can zazzaɓi ya kama shi. Hanya ta lalace da ruwa, kafin a samu abin da zai kai shi Sabuwa rai ya yi halinsa. A Damari aka binne shi. Inna ba ta ga gawarsa ba, labari kawai aka kawo mata da hularsa.

Bayan sadakar arba'in ta aika a kira ni. Tana zaune kan tabarma cikin kayan takaba, carbi a hannu. Na durƙusa na gaishe ta.

"Ɗan nan, waƙar da kuka yi da Kawunka tana nan?"

Na ce tana nan, Inna.

"Ka san ina takaba, ba ni jin kiɗi. Ka cire mani kiɗin, da abin nan da ya sa muryarshi ta koma ta ƙarhe. Shi kaɗai nike son ji, yadda ya hwaɗe ta. Na hwara mance yadda muryarshi take."

Na ce to. Me zan ce? Na fito ina sane da cewa fura ce na dama da nono, kuma da hannuna na zubar da sauran.

Na bi ma'ajiyar Hajiya lungu-lungu. Na samo manhajar da ke dawo da abin da aka goge, ta dawo mini da waƙoƙin biki na watan da ya wuce, waɗanda suka hau kan wurin da muryar Kawu take. Na ɗauki kwamfutar na hau mota zuwa Faskari. Abokina yana da sabuwar na'ura, da wata manhaja mai raba murya da kiɗa. Ta raba, amma abin da ya fito kamar mutum ne ke waƙa cikin rijiya, ototun ɗin nan na manne da shi. Ya tambaye ni ina na asalin, na gaya masa. Ya dafe kansa.

"Wa ya ce ka goge? Haɗewa na ce maka. Abin da ke ajiye ba ya yi mata nauyi, sai wanda take kunnawa."

Sai ya nuna mini wani ɗan maɓalli a gefen kowane layi. Ana danna shi layin ya daskare, kwamfuta ta huta, na asali kuma yana nan a ƙasa, duk ranar da ka so ka dawo da shi. Shekara uku ina kallon maɓallin nan kullum ban taɓa danna shi ba. A motar dawowa na yi kuka, ban damu da wanda ke kusa da ni ba.

Na yi kwana biyar ina kewaye ƙofar Inna, ina gaishe ta daga waje. Rana ta shida na zauna a shago ina share ma'ajiya, ba don ina sa ran komai ba, sai na ga wani guntu mai suna gwaji. Ƙanƙantarsa ce ta cece shi, ban taɓa ganin yana da nauyin da zan goge ba. Na kunna. Ban iya sake kunnawa ba.

Na zuba shi a katin ƙaramar rediyo, bayan la'asar na shiga wurinta. Na gaya mata gaskiya duka, cewa waƙar ba za ta dawo ba, kuma laifina ne, ba na kwamfuta ba. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Na ce abin da ya rage ke nan, Inna, bai kai numfashi uku ba. Na danna.

Aka ji gyaran murya, sannan Kawu, da kaushinsa da rawarsa, ba kiɗa ba amo:

"Mi zan ce? To, a hwaɗa ma tsohuwar can ta aje mani tuwona, kada ta ba kaji."

Inna ta yi dariya, dariyar da ban ji ba tun da aka kawo hular, sannan ta rufe baki da gefen mayafi.

"Ƙara."

Na ƙara. Ta matso da rediyon kusa da kunnenta. Da ya kai ƙarshe ta amsa masa a hankali, kamar yana zaure.

"Na aje maka, Malam."

Na nuna mata inda ake dannawa, na kama yatsanta na ɗora a kai har ta iya. Ina ɗaukar takalmina a bakin ƙofa na ji Kawu ya sake tambayar abin da zai ce.