Addu'ar Gwaggo a Kan Gada

Jiya na shiga jirgin ƙasa na LRT daga unguwar Wangsa Maju, a nan ƙasar waje da nake karatu, karon farko tun da aka sassauta kullen korona. Muna tafe a saman gada sai na ji leɓɓana suna motsi a cikin takunkumi. Ashe addu'ar Gwaggo nake yi.

Yayar babana ce, ita ta zo har nan ta yi mini wankan jego, ta cika mana gida da ƙamshin kunun kanwa. Duk gadar da aka hau da ita, ko kwalbati ce, sai ta katse hira ta ce, "Allah ya saka wa hannun da ya gina ta."

Ranar da muka kai ta gadar Penang, teku hagu da dama, iska mai gishiri tana fizgar mayafinta, na ce mata ai karatuna a kan irin wannan ne, sai dai wadda nake zanawa mai hawa biyu ce, motoci a sama, layin dogo a ƙarƙashi.

Ta daɗe tana kallon ruwan, sannan ta ce, "To ki yi da kyau, 'yar nan. Wata tsohuwa za ta hau, ba ta iya iyo ba."

Ta rasu a Kano ana tsakiyar kulle, babu jirgin sama, ko zaman makoki ban samu ba. Na so in ajiye karatun, maganar nan tata ta hana ni. Zan gama, kuma abin da na zana zai ɗauki tsohuwar nan lafiya.

Kin yi wa maginan kowace gada addu'a, Gwaggo. Allah ya ƙetarar da ke siraɗi.