Igiyar maganin Baba

Shekarar da ciwon zuciya ya kama Baba, ina koyarwa a wani ƙauye kusa da Ajekoriya, ba na zuwa gida Dakoro sai ranar Asabar. Baba dillalin shanu ne tun kafin a haife ni. A lokacin ya tsufa, ido ya fara yi masa hazo, ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ya daina shiga. A likita, wato asibitinmu, suka ce jininsa ya hau, zuciyar kuma ta gaji, suka rubuta masa ƙwayoyi iri uku, biyu da safe, ɗaya da yamma, kullum ba fashi. Gidan kuwa daga shi sai Inna, kuma babu mai karatun boko a cikinsu.

Yayana da ke aiki a Yamai ya aiko da wani ɗan akwatin roba mai ɗaki bakwai, kowane ɗaki da harafin ranarsa da Faransanci a kan murfi. Ya kuma sa aka saita salular Baba ta riƙa ƙara idan lokacin magani ya yi. Da zuciya ɗaya ya yi, amma wanda ya ƙera akwatin bai san gidanmu ba. Inna ba ta ƙirga sati daga Litinin, daga ranar kasuwa take farawa. Salular kuma rabin rayuwarta a wurin mai caji take, in kuma tana aljihun Baba sai ta kama kuka yana tsakiyar sahu a masallaci, har ya ce a kashe masa wannan abin kunya. Asabar ta uku da na zo, na tarar murafu biyu sun ɓalle, ƙwayoyin sun cakuɗe. Na tambayi Inna wanne ya sha, wanne bai sha ba, ta ce ita dai tana ba shi abin da hannunta ya kai.

Ranar na zauna a gindin itacen bedin gidanmu ina tunani. Idona ya faɗa kan igiyar da Inna ke rataya kuɓewa ta bushe. Na je wurin telan unguwarmu na roƙi ƙyallaye, farare da baƙaƙe. Na yanka katin maganin da almakashi, kowace ƙwaya da rigarta don kada danshi ya taɓa ta, na ƙulle na safe a farin ƙyalle, na yamma a baƙi, na jera su a igiyar rama, na ɗaure a rumfar da Inna ke alwala, daidai goshinta.

Karon farko bai yi ba. Na tsuke ƙullin da yawa, yatsun Inna kuma suna ciwo, da haƙori take kwancewa. Sai na koma na ɗinka ƴan jakunkuna goma sha huɗu masu buɗaɗɗen baki, na ɗinke su a jikin igiyar yadda ba za su gusa ba. A kan na ranar kasuwa na liƙa jan ƙyalle, don daga nan take ƙirgawa. Na ce mata abu ɗaya nake so: in rana ta wuce bai sha ba, kada ta taɓa jakar, ta bar ta yadda take.

Wannan ya yi. Inna ta daina ruɗewa, kumburin ƙafar Baba ya sauka. Ni kuma ina shigowa gida, tun ban ajiye jakata ba, sai in bi igiyar da yatsa in san yadda satin ya kasance. Na yi alfahari da ita, har na ɗauki hotonta na aika wa yayana.

Sati huɗu a jere sai na lura farar jakar da ke ƙarƙashin jan ƙyalle ba ta komawa fanko. Ƙwaya ɗaya ce ke saura a ciki, ƙaramar nan mai fitar da ruwa daga jiki. Ni ce auta, ina iya yi wa Baba maganar da yayana ba zai iya ba. Na same shi a zaure na durƙusa.

"Baba, mi ya sa ba ka shan ƙaramar ranar kasuwa?"

Ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya ce, "Ɗiyata, tashi ki kawo mini ruwa."

Inna ce ta gaya mini, muna tsince wake, ba ta ko dube ni ba. Ƙwayar tana sa shi yawan fitsari, wurin shanu kuma fili ne fetal, ba inda mutum zai kewaya. Wata ranar kasuwa yana tsakiyar daidaita ciniki tsakanin wani Bafillace da mai saye, abin ya kufce masa a gaban mutane. Ya dawo gida da babbar rigarsa a naɗe a ƙugu, ya shige ɗaki, ranar bai ci abinci ba.

Na je na sami majo, babban ma'aikacin jinya, a likita na yi masa bayani. Ya ce ranar kasuwa Baba zai iya jinkirta ta sai ya dawo, amma kada ya bari. Na ɗinka wata jaka ta daban, na gaya wa Baba a gaban Inna, har na nuna masa yadda nake gane ranar da aka yi fashi. Ya shafa igiyar daga farko har ƙarshe, ya ce Allah ya yi mini albarka.

Daga nan ban sake samun ƙwaya ko ɗaya a igiyar ba. Wata biyu cur. Baba ya ce wa Inna ta daina wahala, shi zai riƙa ɗauka da kansa in ya zo alwala, ita kuma ta ji daɗi. Na ga ƙafar ta fara kumbura kuma, na ce ko zafin bazara ne.

Ana gab da saukar damina aka kira ni ina cikin aji. Baba ya faɗi a kasuwa, an kawo shi likita a kan amalanken jaki. Na hau kabu-kabu na taho. Na same shi bakinsa ya karkace, ɓarin dama ya mutu, yana kallona ba ya iya cewa komai. Kwana biyu bayan haka Inna ta ɗauko rigunansa za ta wanke, ta zura hannu a aljihun wata tsohuwa da ke rataye a bayan ƙyaure, ta fito da ƙwayoyi cike da tafinta. Ba ƙaramar kaɗai ba. Da yake ido ba ya bambance masa su, duk na safe yake zubawa a can, kullum, don bai ƙara yarda da ko ɗaya ba. Inna ta miƙo mini su ta koma kan wankinta. Na tsaya da su a hannu. Ni na koya masa abin da nake dubawa.

Ya yi wata huɗu a kwance. Inna ke daka maganin ta dama a kunu ta ba shi da cokali, rabi ya shiga, rabi ya gangaro ta gefen baki. Ya rasu ana yankan hatsi, da hantsi, ina lakwal ina koyarwa.

Ranar sadakar uku abokan sana'arsa suka zo gaisuwa. Wani tsoho da suka yi shekaru tare ya sa aka kira ni bakin zaure. Ya ce Baba mutumin kirki ne, bai taɓa ɓoye aibin dabba ba. Sai ya rage murya ya ce, tun bara babu mai ba shi shanu, kowa ya san ba ya gani sosai. Cinikin nan da fitsari ya kufce masa a ciki shi ne na ƙarshe. Zuwa kawai yake ya zauna a rumfa tun safe, yana jin kukan dabbobi, in mutum ya wuce ya tambaye shi na wane ne wannan bijimin.

Na yi masa godiya. Ban gaya wa Inna ba, yayana ma ban gaya masa ba. Ranar Litinin na koma aji.