Kawu da Shanun Japan

A gyara zama, a tofar da cingam, mai hula ya daidaita ta! Ga shehin malamin garejinmu, gagarabadan masu wutar mota, mutumin da ya karanci Japananci alhali ko ƙofar filin jirgi bai taɓa takawa ba: kawuna, ƙanin mahaifiyata, wanda kowa ke kira Mai Waya.

Shekara ashirin da shida yana gyaran wutar mota a rumfa ta uku daga bakin ƙofa. Gajere ne, ga tumbi, kullum da testar gwada wuta a bayan kunne kamar alƙalami. A boko ni da shi duk kanwar ja ce, sai dai na fi shi aji biyu da kuma baki.

Bara waccan aka kawo masa wata mota da aka shigo da ita daga Japan, ya tsinci na'urar wasan gem da abin dannawarta a ƙarƙashin kujera. Mai motar ya ce ya riƙe. Kawu ba ya ganin abu mai waya ya ƙyale shi, don haka ya gyara ta, ya haɗa da tsohuwar talabijin ɗin rumfa. Sai ga gona, ga shanu takwas, ga ɗan manomi da malafa, ga rubutu kamar kaza ta yi tono.

Ranar farko ya danna wani wuri, shanun nan takwas suka ɓace. Ashe sayar da su ya yi. Kwana biyu Kawu yana amsa gaisuwa da ka.

"Kawu, shanun ƙarya ne fa," na ce.

"Asarar dai ta gaskiya ce," in ji shi.

Daga nan ya kama karatun yadda yake bin waya, ba ya yanke wadda bai san inda ta nufa ba. Duk rubutun da ya fito sai ya zana shi a jikin kwalin batir, ya danna, ya ga abin da zai faru, ya rubuta a gefe. Wannan ruwa, wannan ƙofa, wannan makulli, wannan kuma "kul, sayarwa ce". Kwalaye suka cika bango. Har gaisuwar mutanen cikin wasan ya haddace, yana yi wa mai faci da safe har da ɗan rusunawa, mai faci na cewa Allah ya ba shi lafiya.

Shugaban gareji kam bai ga abin dariya ba.

"Mai Waya, da furfurarka kana wasan yara? Masu mota na hango ka suna wucewa. Nan da ƙarshen wata ko talabijin ta fita, ko ku fita tare in ba wani rumfar."

Kawu ya ce to. Amma na san shi: rumfar nan ce cinsa da shansa, shanun kuma sun koma goma sha ɗaya.

Saura kwana huɗu sai ga surukin shugaba da motarsa, irin wadda ake tayarwa da danna maɓalli, makulli na aljihu. Wani lokaci ta tashi, wani lokaci ta ƙi, tana ƙara tit-tit, rubutun Japananci ya haska ya ɓace kafin ƙiftawar ido. Masu wuta uku suka rufu a kanta. Ɗaya ya ce ƙwaƙwalwar motar ce ta ƙone, ɗaya ya ce a zare wayoyi duka. Ni ma na kawo gudummawa, na ce zan ɗauki hoton rubutun waya ta fassara. Sau shida ina ɗauka, babban yatsana kawai ke fitowa. Shugaba sai gumi yake a gaban suruki.

Kawu ya leƙo ta taga.

"A sake dannawa."

Aka danna. Ya ƙura wa rubutun ido.

"Sake."

Sai ya koma rumfa ya dawo da kwali guda.

"Wannan na farko makulli ne, na san shi. Sauran kuma shi talabijin ke rubuta min duk sanda batirin abin dannawata ya kusa mutuwa. Ranka ya daɗe, kawo makullin."

Ya ɓalle shi da bakin sukundireba, ya cire wani ɗan batir kamar maɓallin riga, ya sa sabo. Mota ta tashi, ta yi tsit kamar an ba jariri nono. Mai cewa a zare wayoyi ya tuna ana jiransa.

Shugaba ya share gumi, ya daɗe yana kallon kwalin nan.

"Talabijin ta zauna," ya ce. "Amma a rage kukan shanun."

Na bi Kawu har rumfa ina tafi da murafen tayar mota biyu, ina shela: "Hattara dai jama'a, ga Farfesa! Ga tafintan motoci! Kawu, yau sai jawabi, duniya na sauraro!"

Ya zauna a kan bencinsa, ya mayar da testa bayan kunne, ya ɗauki abin dannawa.

"Matsa, ka tare min. Shanuna ba su sha ruwa ba tun safe."