Korarren Ɗan Jami'a

Shekarun baya, ina ajin ƙarshe a jami'a ina karantar ilimin duwatsu da muhalli, na zo hutu gida Birnin Gwari da 'yar gudumata ta fasa dutse. Ina ta ɗaga kai kamar ni na shimfiɗa ƙasar. Mahaifiyata ma ta ƙara min gishiri, duk gidan suna ko biki sai ta sanar cewa ɗanta yana kallon dutse ya faɗi abin da ke cikinsa. Ni kuwa burina aikin ruwa ne, in riƙa nuna inda za a haƙa rijiyar burtsatse.

Wata rana wani maƙwabcinmu mai zuwa haƙar zinari a daji ya kawo min dutse ƙunshe a tsumma. Bakin ɗalibi ƙaiƙayi yake yi. Na duba, na ce masa mai ƙyallin nan ba zinari ba ne, ya dai bi farar jijiyar da ke gefensa. Ya bi, ya kuwa dace.

Kafin hutu ya ƙare labari ya shiga daji. Wani baƙo ya tare kawuna a kasuwa, ya ce masu dajin, wato 'yan bindiga, suna gaida yaron nan mai ganin cikin ƙasa, suna so ya je ya duba musu wani wuri. Kowa ya san wanda ya amsa irin wannan kira ba shi ke sa ranar dawowarsa ba.

Da sassafe mahaifiyata ta karɓe gudumar, ta sa ni a motar Kaduna. Sannan ta bi gidajen da ta yi alfahari da ni ɗaya bayan ɗaya, tana cewa ashe ƙarya nake, an daɗe da korata daga makaranta, zancen dutsen ma sa'a ce kawai. Da na kira ta ina ƙorafi, sai ta ce, "Gara a ce maka korarre kana numfashi. Kada ka kuskura ka gyara min magana."

Na gama karatu, ba ta zo bikin yaye mu ba don kada a tambayi inda ta je. Na sami aikin da nake so a wata jiha, ina gwajin ruwan rijiyoyi. In an tambaye ta sana'ata sai ta ce harkar ruwa nake, shi ya sa a unguwarmu aka ɗauka kurar ga-ruwa nake turawa. Abin da ke ci min rai har yau shi ne, matar da ta fi kowa son a yabi ɗanta ita ta ɓata shi da bakinta, ta kuma haɗiye tausayin da mata ke mata.

Da ta rasu na zo zaman makoki. Wata tsohuwar ƙawarta ta kira ni gefe ta ce, "Ka yi haƙuri, ɗan nan. Ta so ka yi karatu, Allah bai nufa ba. Amma ko sau ɗaya ban ji ta yi maka baki ba."

Na buɗe baki, sai na tuna ƙannena suna garin, dajin kuma yana nan inda yake. Na ce mata, "Haka ne, Inna. Allah bai nufa ba."